Hamzat Lawal da Yaran Bagega

Tarihin da na kawo muku a wannan fitowa na ƙasarmu ne, kuma da yawanmu mun shaide shi.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma, ga shi a cikin gida ake dakansu, ana niƙa su da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baka. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, saura Bagega. Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma cikin ƙurar. A watan Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, sai aka ji shiru.

A nan ne Hamzat Lawal ya shigo. Ɗan asalin Jihar Kogi ne, an haife shi a 1987, ya yi Jami'ar Abuja, ya kuma fara da fafutuka kan sauyin yanayi. Shi da abokinsa Oludotun Babayemi suka kafa shirin Follow The Money, wato bin sawun kuɗin gwamnati. Suka je Bagega, suka rubuta abin da idonsu ya gani, suka baza a intanet, ƙungiyar Human Rights Watch na nata ƙoƙarin. A watan Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin. Aka share garin, a shekarar nan aka fara yi wa yara magani.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, kamar yawancinku. Na san yadda fayil ke kwana a kan tebur don jiran sa hannun mutum guda. Wata takwas kuɗin nan suka yi a takarda, yara na shaƙar guba, har sai da ɗan shekara 25 daga wata jiha ya tambayi inda suka maƙale. Duk fayil ɗin da ke gabanmu gobe da safe, akwai mai jiransa a wani ƙauye.

Allah Ya jiƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya, amin.