Turancin Umarni a Birnin Bauchi

Turanci ya shiga birnin Bauchi ne daga bakin soja, a 1902, lokacin da rundunar Ingila ta ci garin aka tuɓe Sarki Umaru. Mazaunan tsofaffin unguwanni irin su Ɗan Iya sun riga sun saba da harshen sarauta, inda na ƙasa kan durƙusa ya ce "ranka ya daɗe". Abin da ya zo musu sabo shi ne tsawa da baƙon harshe. Shi ya sa kalmomin da suka fara zama a bakin jama'a na iko ne: oda, kwamanda, saje, kofur, fareti, sai Razdan da Di'o da En'e. Talaka ya san su tun bai san ɗa ko ɗaya da ya shiga makarantar boko ba.

Makaranta ce ta juya al'amarin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta. Malam Aminu Kano ma ya koyar a nan, ga kuma Sa'adu Zungur, ɗan garin, wanda ya yi karatu a Yaba. A hannun waɗannan malamai Turanci ya tashi daga abin karɓar umarni ya zama abin bayyana halin mai ba da shi. Hausa dama ba ta rasa kalmomi ba, akwai danniya, kama-karya, fin ƙarfi da babakere. Sai dai Bature ba ya ɗaukar kuka da muhimmanci sai an rubuta masa shi da harshensa, da kalmomin da dokarsa ta yarda da su.

A taron muhawara da aka kafa a Bauchi wajen 1943 aka gwada wannan makami na Turanci a gaban jami'an mulki, aka tattauna yadda En'e ke tafiyar da jama'a. Taron bai daɗe ba, don tambayoyin sun fi ƙarfin haƙurin hukuma.

A 1950 Ɓalewa ya kai maganar Majalisar Arewa a Kaduna, ya soki tsarin da ya tara iko a hannun sarki shi kaɗai, ya nemi a gyara. Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar da cewa sarki zai yi mulki ne tare da majalisarsa.