Shekara 120 Da Aka Rataya A Kan Sa'ar Haihuwa

'Yan uwa marubuta, a Indiya har gobe iyalai da yawa kan kai wa masanin taurari sa'ar haihuwar jariri, shi kuma ya yanka masa rayuwa zango-zango. Sunan wannan lissafi Bimshottari Dasha, wato zangunan shekara 120.

Ana jingina shi ga Beda, tsofaffin littattafan addinin Hindu, sai dai ba duka ya fito daga can ba. A Beda akwai jerin masaukan wata, irin manazilan da malamanmu suka sani. Buruji 12 kuwa daga Girkawa suka shigo, ta littattafai irin su Yabanajataka, wanda sunansa ma ke nufin ilimin haihuwa na Girkawa. Cikakken bayanin zangunan yana cikin littafin da ake dangantawa ga Farashara.

An raba sama masauki 27, kowanne digiri 13 da minti 20, aka danƙa su ga iyayen gida tara: Ketu shekara 7, Zuhura 20, Rana 6, Wata 10, Mirrihi 7, Rahu 18, Mushtari 16, Zuhal 19, Uɗaridu 17. Rahu da Ketu ba taurari ba ne, mahaɗar hanyar wata da ta rana ce, inda husufi ke faruwa. Masaukin da wata yake lokacin haihuwa shi ke nuna zangon farko. Idan ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na Bharani, gidan Zuhura, saura wa jariri shekara 15 kafin zangon Rana.

Ga inda gizo ke saƙa. Wata kan ratsa masauki guda cikin kusan kwana ɗaya, don haka kuskuren awa ɗaya a gidan Zuhura zai gusar da lissafin da kimanin wata 10. Masana kuma sun saɓa kan inda za a fara auna sama. A 1952 gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, kuma ma'aunin da ya yaɗu daga nan yana ɗauke da sunan sakatarensa, Lahiri. Mai bin wani ma'aunin, da saɓanin digiri ɗaya kacal, zai sami bambancin shekara ɗaya da rabi a gidan Zuhura.

Da wannan lissafi ake duba lokacin aure da na kasuwanci, alhali kimiyya ba ta tabbatar yana faɗin gobe ba. In za ku rubuta labarin da ya taɓa Indiya, ku san cewa ranar auren jarumarku tana iya rataya a kan agogon ungozoma.