Daga ayarin gishiri zuwa ayarin baƙi: tarihin zango a Tenere

A gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ke birnin Yamai akwai wani busasshen icce da aka killace. Shi ne iccen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin rairayi, babu wani icce kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. Wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, aka kawo kututturensa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. A zamanin ne mota ta fara yawaita kan sawun raƙumi, ɗauke da wani sabon irin ayari.

Ayari na asali shi ne na gishiri. Bayan damina, Abzinawa kan ɗora wa raƙuma hatsi su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su komo da kantu da dabino, sa'an nan su gangaro ƙasar Hausa. Ran kowa yana hannun madugu, domin shi ya san rijiyoyi da taurari da wurin yada zango. Bature ɗan ƙasar Jamus Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Agadas a 1850, cikin irin wannan ayari ya fake ya iso kudu.

Wannan sani ne ya koma jari a shekarun 1970, lokacin da Mano Dayak ya kafa kamfanin Temet Voyages a Agadas. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda zagayensa na farko ya bi ta Agadas da Yamai a 1979, ya ƙara yayata sunan yankin a Turai. Masu yawon buɗe ido kan zo rukuni-rukuni da hunturu, a zaga da su mako ɗaya ko biyu ta Timiya da Iferwan da tuddan rairayi na Temet. Da almuru a kafa tanti, a gasa gurasa cikin toka da yashi, a dafa shayi. Direba da kuku da ɗan jagora duk ƴan ƙasa ne, maƙeran azurfa kuma suka samu kasuwa. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya.

Sai dai sana'ar ba ta rayuwa sai da zaman lafiya. Tawayen da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya tsai da ita, har zuwa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995. A watan Disamba na shekarar Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama. Filin jirgin Agadas na ɗauke da sunansa. Baƙi suka dawo, har jirage na kawo su kai tsaye daga Faransa. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan uraniyom a Arlit a 2010, suka sake rufe ƙofar.

Motoci da direbobi dai ba su ɓace ba. Da yawa suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado daga 2014. Dokar 2015 ta haramta jigilar, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, kafin a soke ta a Nuwamba 2023.

Abin lura a nan shi ne, kayan ayari kaɗai ke sauyawa: jiya gishiri, daga baya baƙi masu kallon taurari, sa'an nan matasa masu neman abinci. Sanin hanya yana nan hannun jikokin madugai. Abin da za su ɗauko da shi gobe kuwa, yaƙi da sulhu da dokokin da ake yankewa a Yamai ne za su zaɓa musu.