Tanko Yakasai da Aikin Kakakin NEPU

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ba su da gidan rediyo, ba su da asusu, kuma kusan duk wata kafa ta isar da magana ga jama'a tana hannun En'e da gwamnatin Turawa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, jaridar hukuma ce a lokacin. Saboda haka wanda aka ɗora wa yaɗa labaran jam'iyyar talakawa ya ɗauki kaya mai nauyi.

Cikin shekarun 1950 wannan kaya ya faɗa kan Tanko Yakasai, tela daga birnin Kano, wanda ya zama sakataren yaɗa labaran NEPU na ƙasa, kuma editan sashen Hausa na jaridar Daily Comet. Jaridar tana cikin rukunin jaridun Dokta Nnamdi Azikiwe, shugaban NCNC, jam'iyyar da NEPU ta ƙulla ƙawance da ita. Ta wannan hanya kukan manomin da aka tsananta wa wajen karɓar haraji, da na Bafulatanin da jangali ya ci masa garke, da na wanda aka sa aikin tilas, ya riƙa fita daga ƙauye yana isa kunnen 'yan siyasar Legas.

A wancan lokaci aikin yana da haɗari. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, 'yan doka na En'e ne, kotun alƙali da gidan yari ma haka. Ɗan jam'iyya na iya ɓuya cikin taro, amma kakaki sunansa yana ƙarƙashin kowace sanarwa, kuma kalma ɗaya da aka fassara da cin mutuncin sarki ta isa a ɗaure mutum. An ɗaure Yakasai ba sau ɗaya ba, kamar yadda aka sha ɗaure 'yar NEPU Hajiya Gambo Sawaba. Ga kuma 'Yan Mahaukata da ke far wa 'yan NEPU a titunan Kano. A ganina, wanda bai san wannan yanayi ba zai raina abin da takardar sanarwa guda take nufi a wancan zamani.

A akwatin zaɓe tauraron NEPU bai taɓa rinjayar fartanyar abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC, ba. A 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya kwashe nasarar. A 1959 kujeru takwas ta samu a majalisar tarayya, ciki har da ta jagoranta, Malam Aminu Kano. Sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966.

Daga baya Yakasai ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako a Jihar Kano, sannan a Jamhuriya ta Biyu ya zama mai taimaka wa Shugaba Shehu Shagari, ba ya tare da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya da yawa ba su ji daɗin haka ba, kuma suna da hujjarsu. Sai dai maganar da ya yi shekaru yana yaɗawa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Mulkin soja ya karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, kuma a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu.