Idon da ke bugawa kamar zuciya: tarihin yoyon jini a bayan ido

1/ Jama'a, akwai ciwon da ido zai kumburo, ya yi jajir, ya riƙa bugawa tare da zuciya. Mai shi kuma yana jin ƙara shuu, shuu a cikin kansa dare da rana. Sai da likitoci suka shafe sama da shekara 150 kafin su iya gyara shi ba tare da sun yi asarar babbar jijiya ba. Ku biyo ni 🧵

2/ A bayan kowane ido, can ƙasan ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan kogo da jinin da ya gama aiki ke taruwa kafin ya koma zuciya. Jacob Winslow ne ya raɗa masa suna a 1732, sunan da ke nufin mai koguna. Mu kira shi kogon jini.

3/ Ikon Allah: babbar jijiyar karotid, mai kai jini ƙwaƙwalwa da ƙarfin bugun zuciya, ta tsakiyar kogon nan ta ratsa. Jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido ma nan suka bi. Idan karotid ta tsage a wurin, jini mai ƙarfi zai kwarara cikin kogon, ya yi baya zuwa ido. Yoyon ke nan.

4/ Landan, 1809. Aka kawo wa Benjamin Travers wata mata da idonta ya fito yana bugawa. Ya lura in ya danne jijiyar wuyanta, bugun sai ya tsaya. Sai ya tsaga wuyan ya ɗaure jijiyar da zare. Ku tuna fa, sai 1846 aka fara sa mutum barci kafin tiyata. Idonta biyu aka yi aikin, kuma ta samu sauƙi.

5/ Abin mamaki, Travers bai san ainihin ciwon ba, ya zaci a ramin ido matsalar take. Sai a 1835 wani likita a Faransa, Baron, ya binciki gawa ya ga ɓular tsakanin karotid da kogon.

6/ Ɗaure jijiyar wuya caca ce. Ƙwaƙwalwa tana da wasu hanyoyin samun jini, shi ya sa wasu ke tsira. Wasu kuwa ɓarin jikinsu ya shanye. Wasu ciwon ya dawo, don ɓular tana nan, tana zuƙo jini ta waɗancan hanyoyin.

7/ A 1927 Egas Moniz na Lisbon ya fito da dabarar zuba ruwan da ke fitowa a hoto cikin jijiya, aka fara ganin yoyon a jikin mai rai. A 1933 Hamby da Gardner a Amurka suka toshe karotid ta gaba da ta bayan ɓular. Yoyo ya tsaya, amma jijiyar ta tafi ke nan.

8/ Shiga kogon kansa kuwa, kowa tsoro yake, don da an taɓa jini zai ɓalle. Dwight Parkinson na Winnipeg a Kanada ya bayyana wata 'yar kusurwa da za a bi a 1965. Don ya gyara ɓular, har sanyaya jikin majinyaci yake yi, a tsayar da gudun jini na ɗan lokaci. Aiki ne mai haɗarin gaske.

9/ Mafita daga Mosko ta zo. An ce a bikin ranar ma'aikata na 1959, Fedor Serbinenko ya ga yara riƙe da balan-balan, suna juya su da zare. Ya ce a ransa: me zai hana a saka ƙaramin balan-balan a bakin siririn bututu, gudun jini ya ja shi har wurin ɓular?

10/ Ya yi shekaru yana gwaji a Cibiyar Burdenko. Daga ƙarshe ya iya hura balan-balan ɗin a bakin ɓular, ya sake shi a can, karotid ta ci gaba da aikinta. Ba fasa ƙoƙon kai. A 1974 ya wallafa sakamakon majinyata sama da 300, duniya ta farga.

11/ A 1985 Barrow da abokan aikinsa suka kasa yoyon gida huɗu, A zuwa D. A shi ne tsagewar karotid kanta, galibi bayan bugun kai. Sauran daga ƙananan rassa suke, jininsu a hankali yake zuba, wasu ma da kansu suke rufewa.

12/ A 1990 Guido Guglielmi ya fara amfani da siraran wayoyin filatinom masu nannaɗewa. Yau ta matsematsi ake zura bututu, sau da yawa ta jijiyar da ke mayar da jini, a cika kogon da wayoyin har yoyon ya tsaya.

13/ Ina ruwanmu? Haɗarin babur da mota na cikin manyan dalilan nau'in A, kuma alamun kan ɓoye kwanaki ko makonni. Wanda ya bugu a kai, daga baya ido ya yi ja ya kumburo, yana ganin abu bibbiyu ko jin ƙara a kai, kada a ce apolo ne a tsaya ɗiga magani. A kai shi wurin likitan ido da wuri, a kuma faɗi zancen haɗarin, don jinkiri na iya cinye ganin.

14/ Ku tura wa 'yan uwa masu hawa babur, ku kuma tuna musu da hular kwano. Allah Ya tsare mu.