Tarihi a Cikin Kwanon Shinkafa: Gidajen Abincin Mutanen Asiya a Ƙananan Garuruwan Birtaniya

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wata hira ce da muka yi da yayana a hutun da ya wuce. Shi dai ya yi shekara biyu yana karatun aikin gona a wani ɗan ƙaramin gari da ke arewacin Ingila. Da na tambaye shi yadda ya ƙare da abinci, sai ya yi dariya, ya ce garin ba masallaci, ba kasuwa irin tamu, baƙar fata ma sai ka yi sa'a za ka gani, amma a bakin babban titi akwai shagon abincin Sinawa guda, da gidan abincin Indiyawa guda. Na Indiyawan shi ya zama gidansa, domin masu shi Musulmi ne, namansu yankakke ne, kuma da azumi tare suke shan ruwa a bayan kicin. Ya ƙara da cewa duk ƙaramin garin da ya ratsa, haka ya tarar.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. To, me ya ɗauko mutum daga ƙarshen duniya, shi da matarsa da 'ya'yansa, ya ajiye shi a garin da ba shi da dangin iya balle na baba? A cikin wannan 'yar maƙala zan yi ƙoƙarin bin sawun waɗannan mutane, in nuna cewa kwanon shinkafar da Bature ke saye ran Juma'a da dare yana ɗauke da tarihin mulkin mallaka, da na dokokin shige da fice, da na wahalar baƙunta.

Mafarin al'amarin

Gidan abincin Indiyawa na farko da aka sani a Landan wani mutumin Patna ne ya buɗe shi, mai suna Shehu Din Muhammad, a cikin 1810. Ya yi niyyar ciyar da Turawan da suka yi aiki a Indiya suka dawo gida da ƙishin yaji. Abin bai karɓe shi ba, domin kafin ƙarshen 1812 ya karye, ya koma garin Brighton ya buɗe gidan wanka da tausa, inda ya yi suna har ya rasu a 1851. Watau ke nan abincin ya riga kasuwarsa zuwa da fiye da shekara ɗari.

Waɗanda suka kafa sana'ar sosai ma'aikatan jirgin ruwa ne. Tun cikin ƙarni na 19 kamfanonin jiragen Ingila ke ɗaukar leburori a tashar Kalkata, da yawansu kuwa 'yan lardin Silhet ne. Aikinsu shi ne zuba kwal a tukunyar jirgi, cikin zafin da ba kowa ke jurewa ba, a kan ladan da bai kai na Bature ba. Saboda haka wasunsu, in jirgi ya tsaya a Landan, sai su sulale su nemi aikin wanke-wanke a otal-otal. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka shiga sayen ƙananan shagunan shayi da na soyayyen kifi da dankali waɗanda masu su suka saki da araha. Suka ci gaba da sayar da kifin, amma suka ƙara shinkafa da miyar kori a gefe.

A nan akwai abin lura. Silhet ta faɗa cikin Pakistan ta Gabas lokacin da aka raba Indiya a 1947, ta kuma zama yankin Bangaladash a 1971. Har yau mafi yawan gidajen da Bature ke kira na Indiyawa mutanen Bangaladash ne ke da su, akasarinsu kuma 'yan Silhet. Sun bar sunan Indiya a kan allo domin shi mai saye ya sani. Yayana ma sai da ya yi wata uku kafin ya gane cewa abokan shan ruwansa ba su taɓa taka Indiya ba.

Manoman da shinkafa ta kora

Su kuwa Sinawa, tun da fari a Libaful da unguwar Limehouse ta Landan suka sauka, su ma ta hanyar aikin jirgi. Sana'arsu ta farko wanki da guga ce, sai injin wanki ya shiga gidaje bayan 1950 ya kashe ta. Amma masu shagunan abinci na ƙananan garuruwa galibinsu daga wani wuri daban suka fito, watau ƙauyukan da ke bayan birnin Hong Kong, waɗanda Ingila ta karɓa jingina daga Sin a 1898 na tsawon shekara 99. Ɗalibin tarihinmu ba baƙo ba ne ga wannan wuri, domin Gwamna Lugga, bayan ya bar Nijeriya ta Arewa a 1906, can aka tura shi ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, sannan ya dawo mana. Tuta ɗaya ce ta rufe mu da su.

Mutanen waɗannan ƙauyuka manoman shinkafa ne kaka da kakanni. Bayan 1949 abubuwa biyu suka haɗu suka karya su. Na farko, shinkafa mai araha daga ƙasar Tailan ta cika kasuwar Hong Kong, har ya zama wanda ya noma tasa ba ya mai da kuɗin wahalarsa. Na biyu, 'yan gudun hijira daga cikin ƙasar Sin suka kwararo, suka karɓi hayar gonaki suna noman kayan lambu, sana'ar da suka fi 'yan gida iyawa. Wani masani Ba'amurke, James Watson, ya zauna a ƙauyen San Tin, ya buga littafi a kansa a 1975. Ya nuna cewa mutanen ƙauyen zuri'a ɗaya ce mai suna Man, kuma mafi yawan magidantansu sun tafi aikin gidajen abinci a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, ƙauyen ya koma rayuwa da kuɗin da suke aikowa. Manomin da shinkafa ta kora daga gonarsa, ga shi ya ƙare da dafa wa Bature shinkafa.

Hannun doka

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bai wa duk talakan Sarkin Ingila da ke ƙasashen mallaka damar shiga Birtaniya ya zauna. A 1962 aka yi sabuwar doka wadda ta rufe wannan ƙofa, aka ce sai mai takardar izinin aiki. Hanya mafi sauƙi ta samun takardar ita ce wani mai sana'a a can ya ce ya ɗauke ka aiki. To, wane mai sana'a ɗan Silhet ko ɗan San Tin ya sani a Ingila, in ba kawunsa mai gidan abinci ba? Ta haka dokar da aka yi don rage baƙi ta tura kusan duk wanda ya shigo cikin sana'a guda. Mutum ya zo ya yi shekaru yana wanke kwano da yankan albasa, ya biya bashin kuɗin jirgi, ya tara ɗan jari, sannan ya fita ya buɗe nasa. Da dokoki suka ƙara tsanani, musamman ta 1971, sai magidanta suka daina tunanin komawa gida, suka aiko aka kawo musu mata da yara.

Haraji ma ya taka rawa. A 1966 gwamnati ta ɗora wa masu irin waɗannan sana'o'i haraji a kan kowane ma'aikacin da suka ɗauka. A 1973 kuma aka shigo da harajin kayan saye, wanda ya hau kan abincin da aka zauna aka ci a gidan abinci, amma bai hau kan mai zafin da aka ƙunshe aka tafi da shi ba sai a 1984. Duk mai lissafi ya ga inda riba take. Sai aka koma ga ɗan shago na saya-ka-tafi, wanda ba teburi ba sabis: miji na gaban murhu, mata na ƙunshewa, yaron da ya iya Turanci a makaranta yana bakin kanta yana karɓar kuɗi, iyali kuma suna kwana a saman bene.

Dalilin warwatsuwa

A nan ne amsar tambayata ta farko take. Mu a sashenmu mun karanta aikin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Fataucin shanu da goro yana bukatar 'yan kasuwa su taru wuri guda, a ƙarƙashin masu gida da dillalai, domin a san wanda za a ba bashi. Sana'ar sayar wa ɗan gari abinci kuwa akasin haka take. Garin da ke da mutum dubu uku ko huɗu shago ɗaya zai iya ciyarwa. In ɗan'uwanka ya riga ka buɗewa a nan, sai ka matsa gari na gaba. Haka aka yi ta matsawa har aka kai ƙauyukan masu haƙar kwal na Wales da garuruwan masunta na Sikotilan. Shi ya sa ake lissafa Sinawa cikin baƙin da suka fi kowa warwatsuwa a Birtaniya. Fatauci ya tara Bahaushe a zango, abinci kuwa ya raba Basine da ɗan'uwansa.

Abincin da ake sayarwa

Mai karatu kada ya ɗauka abin da ke cikin kwanon nan shi ne abin da masu shagon ke ci. Bature na wancan zamani bai daɗe da fita daga rabon abinci na lokacin yaƙi ba, wanda sai a 1954 aka daina shi gaba ɗaya, kuma harshensa bai saba da yaji ba. Don haka Sinawa suka ƙara zaƙi, suka yawaita suya, suka sa soyayyen dankali da miyar kori a jerin abincinsu, alhali ba ɗayansu da ya fito daga ƙauyukansu. 'Yan Silhet kuma, waɗanda a gida kifin ruwan daɗi da shinkafa suka fi ci, sai suka ƙirƙiro dabarar dafa tukunyar miya guda babba ta albasa, a riƙa ɗiba ana ƙara yaji gwargwadon ƙarfin halin mai saye, a ba kowane mataki sunansa. Gasasshiyar kaza cikin jar miya mai kirim, wadda ake kira tikka masala, a wannan kasuwa ta yi suna. Wani mai gidan abinci a Glasgo, Ali Ahmed Aslam, ya ce shi ya ƙago ta, ko da yake akwai masu jayayya da shi. A 2001 Ministan Harkokin Waje na lokacin, Robin Cook, ya kira ta abincin ƙasa na Birtaniya a cikin wani jawabi.

Abin da aka biya

Sana'ar ta ciyar da iyali, ta gina gidaje a Silhet da San Tin, amma ba a banza ba. Babban cinikin dare yana farawa ne wajen ƙarfe 11, lokacin da ake rufe mashaya. Watau a daidai lokacin da mutane suka fi buguwa, a lokacin ne yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke tsaye a bakin kanta, ana kwaikwayon maganar iyayenta, wani ya ci ya gudu bai biya ba, wani ya jefi taga. Ba maƙwabci ɗan'uwa da za a kira. Wata marubuciya, Angela Hui, wadda ta tashi a irin wannan shago a ƙauyen Beddau na Wales, ta buga littafi a 2022 a kan wannan rayuwa. Iyayenta sun buɗe shagon a 1988, suka yi shekara talatin a ciki kafin su sayar. Abin da ya fi taɓa ni a labarin irin waɗannan yara shi ne, gari duka ya san lambar abincin da yake so, amma kaɗan ne suka san sunan mai dafawa.

Iyayen sun jure ne domin 'ya'yansu su fita daga kicin, kuma sun fita. Sun zama likitoci da lauyoyi da akantoci, ba mai son gadon murhu. Wannan, haɗe da wuyar shigo da sababbin kuku da tsadar kaya, ya sa shaguna da dama suka rufe ko suka koma hannun wasu baƙin.

Kammalawa

Da na gama tattara waɗannan bayanai na karanta wa yayana, sai ya yi shiru, can ya ce shekara biyu yana cin abinci a hannun dattijon nan, bai taɓa tambayarsa yadda aka yi ya zo garin ba. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma shekarata uku ina shan shayi a wurin mutum ɗaya a bakin ƙofar makarantar nan, na san lokacin da yake fasa ƙwai, amma ban san garinsu ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya, da malamanmu masu ba mu batun kundin kammala karatu. Mun yi rubutu mai yawa a kan sarakuna da mawaƙansu, kuma ya kamata. To, amma mai tsiren da ya kafa tukuba shi kaɗai a wani ƙaramin gari na Kudu fa? Wa ya kai shi, wa ya ba shi jari, me ya sauya a yajinsa don ya dace da bakin mutanen wurin, kuma me yake gani in dare ya yi? Tsofaffin da suka san amsa suna ta ƙarewa. Ni dai na ɗauki alkawari, hutu mai zuwa in Allah Ya kai mu, da mai shayinmu zan fara.