Tsakanin "kai" da "ke": ɗan daudu a littattafanmu

Littattafan soyayya na Kano sun daɗe suna zagayawa hannu zuwa hannu a Madawa, Buza da Keita. Tun *Budurwar Zuciya* ta Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, matasa sunka fara ganin kansu a takarda: auren dole, zance da dare, faɗa da iyaye. Amma akwai wanda har yau ba kasafai nike ganin an ba shi zuciya a labari ba: ɗan daudu.

Shi kuwa ba baƙo ba ne. Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga iskokin bori. Bori kuma ya yi ƙarfi a nan Adar, har Nicole Echard ta yi littafi a kansa a 1989. A tasha da kasuwa an san ƴan daudu da sayar da tuwo da soyayyen nama, a biki kuma da iya habaici.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne harshe. Hausa ba ta barin ka yi wa mutum magana sai ka zaɓa: "kai" ko "ke", "ka zo" ko "kin zo". Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da *Allah Made Us* a 2009, ya nuna ƴan daudu suna ce wa juna "ke" da "ƙawata", amma a gaban jama'a su koma "kai". Da yawansu suna da mata da ƴaƴa. Shi ya sa kalmomin da marubutan Amurka ke amfani da su kan sauya jinsi ba su zauna musu daidai.

A fim, kamar *Ibro Ɗan Daudu*, rangwaɗa da karya murya anka ɗauko don dariya. To yaron hwa? Wanda tun yana shekara 14 ake tsokanar tafiyarsa a lakwal, uwarsa na ɓoye hawaye, ubansa ya daina kiran sunansa?

Ƴan uwa marubuta, ba hukunci nike neman ku yanke ba. In kun sa shi a labari, ku ba shi suna, da gida, da sallarsa, da tsoronsa. Ku kuma lura wa ke ce mishi "kai", wa ke ce mishi "ke". Rabin labarin yana nan.